Zazzaɓin Kwamfutar Ummukulsum

Ummukulsum ta riga ta san halin kwamfutarta. Shi ya sa da ta dawo daga makaranta ranar Litinin ta kunna ta, ba ta tsaya jira ba, ta wuce madafa ta ɗora tukunya. Ta tankaɗe gari, ta yi sallar la'asar, ta raba faɗan yara a tsakar gida, ta dawo ta tarar da 'yar da'irar nan tana ta juyawa a fuskar kwamfutar kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Ta zauna a gefen tabarma ta zuba mata ido. Ko ƙarfin yin tsaki ba ta da shi.

Malama ce a wata firamare da ke kan hanyar Dutsi. Kullum da sassafe take barin Daura, ta dawo bayan azahar kanta na sarawa da hayaniyar 'yan aji uku. Shekarunta sun haura arba'in, a wannan shekarun ne kuma ta jajibo wa kanta karatun digiri, irin wanda ake yi daga gida ta kwamfuta, don yaran da ta koya wa riƙon alli duk sun wuce ta a mataki, ba kuwa da komai suka fi ta ba sai takarda. Jarrabawa ɗaya ta rage mata a wannan shekara. Watan jiya ta zauna mata, tana tsakiyar amsa tambayoyi kwamfutar ta sandare, can kuma ta mutu ɗif. Da ƙyar da magiya aka sake ba ta dama, ranar Asabar mai zuwa da hantsi, aka kuma gaya mata babu ta uku. In ta sake yankewa, sai maimaita shekara. Ita kuwa ta san kanta. In aka ce maimaici, to ta ajiye karatun ke nan, domin ƙarfin da ta fara da shi ya riga ya ƙare.

Surukarta, Inna Yelwa, na zaune bisa gado tana jan carbi. Ta leƙo ta ce, "Har yanzu ba ta farka ba?"

"Ba ta farka ba, Inna."

"Ƙyale ta. Bazara ce, kowa ma nauyin jiki yake ji."

A ɗakin tsohuwar Ummukulsum ke karatu, ba don nata ɗakin ya yi mata kaɗan ba. Nan ne aka haɗa 'yar wutar sola ta fitila da caji, kuma duk faɗin gidan, a gindin tagar Inna ne kaɗai sabis ke tsayawa da ƙafarsa.

Yadda aka yi kwamfutar ta sami daraja a gidan kuwa, ga shi. Marigayi Malam Jafaru, mijin Inna, ya yi shekara da shekaru yana tafsiri a masallacin unguwa duk azumi, ɗalibansa na ɗauka a kaset. Bayan rasuwarsa kaset ɗin suka fara cinyewa, sai autan Inna, Musaddiq, mai shagon gyaran waya da kwamfuta, ya kwashe karatun kaf ya zuba a kwamfutar matar yayansa. Ranar da Inna ta fara jin muryar Malam na fitowa daga cikin abin nan ta yi kuka har ta gode wa Allah, sannan ta share hawayenta ta kafa doka. Abin da ke ɗauke da Alƙur'ani ba ya zama a ƙasa. Ba ya hawa teburin da ake ɗora kwanon tuwo, balle kujerar da ɗan Adam ke zama. Da hannunta ta ɗinka matashi na koren karammiski, ta cusa masa audugar rimi har ya yi tumbi. In aka ɗora kwamfutar sai ta nutse a ciki luf, kamar jariri a cinyar kaka. In an gama aiki, a lulluɓe ta da sabon ɗankwali a ɗora bisa akwati. Babu wanda ya ga aibun wannan a gidan. Wa zai ga aibun girmama karatu?

Washegari daga makaranta Ummukulsum ba ta biya gida ba, ta sauka a shagon Musaddiq da ke kusa da tasha, kwamfutar na cikin jaka a ƙarƙashin hijabinta. Shi yana sunkuye kan wata wayar da ya farke wa ciki. Da ya ɗago ya gan ta sai ya washe baki. Kun san dai tsakanin mace da ƙanin miji, ba a gaisuwa sai da tsiya.

"A'a! Yau matata ce da kanta a shagona? Kin gaji da tsohon nan mai warin shanu kin dawo wajen saurayi ko?"

"Saurayin da furfura ta fara leƙowa a gemunsa? Karɓi nan, ni yau ban da bakin wasa."

"To kawo marar lafiyar. Me ke damunta?"

"Komai. Tashi da ƙyar, tafiya da ƙyar. In na danna abu sai na je na dawo. Asabar nake da jarrabawa, Musaddiq. In ta sake yi mini irin ta watan jiya, na haƙura."

Ya ga idonta, sai ya rage dariyar. Ya ture kayan waya gefe, ya ɗora kwamfutar a kan katakon teburinsa, ya jona mata wata 'yar filash tasa, ya saki binciken bairos, ƙwayoyin cutar nan da ke shiga kwamfuta su hana ta sakat. Ya ba ta benci ta zauna. Ba a jima ba jajayen layuka suka fara fitowa, wani na bin wani.

"Inna lillahi! Malama, su wa ke soka memori a cikin abin nan?"

"Ka ce su wa ne ba sa sokawa. Duk mai son tafsirin Malam nan yake zuwa a tura masa. Matan unguwa kuma hotunan biki, wannan a adana mata, waccan a kwafa mata."

"Ke kuma ba ki iya cewa a'a ba."

"In ce wa Hajiya Siddiƙa a'a? Matar da ta yi mini wankan jego?"

"Ai shi ke nan. Kwamfutarki ta zama rijiyar unguwa, kowa da gugansa, wani gugan kuma daga kwata aka tsamo shi." Ya ƙara matsowa kusa da fuskar kwamfutar. "Tsaya ma. Wa ya zuba miki masu gadi har uku?"

"Wane irin masu gadi?"

"Maganin bairos. Ga ɗaya, ga ɗaya, ga wani can a laɓe."

Ta yi ɗan tunani. "Ɗaya Malam Munzali na makarantarmu ne ya sa, ya ce nasa ya fi kowanne ƙarfi. Ɗaya mijin ƙanwata ne da suka zo daga Baure. Na ukun kuwa ai kai ne, sarkin mantuwa."

"Nawa shi ne na gaskiya. Haka muke, kowa ya zo dubiya sai ya bar maganinsa, mai jinya kuma don kunya ya haɗa duka ya ɗura wa marar lafiya. Masu gadi uku a ƙofa ɗaya ba ɓarawo suke kamawa ba, junansu suke kamawa da kokawa, ɓarawo ya wuce ta tsakaninsu."

Ya cire biyu ya bar ɗaya, ya sabunta shi. Ya kakkaɓe bairos ɗin, ya sake bincike har jajayen layukan suka ɗauke. Ya kashe tarkacen da ke tashi tare da ita duk sanda aka kunna, masu yawa kamar 'yan rakiyar amarya. Ya share tsofaffin fina-finan da ita ba ta ma san da su ba. Ummukulsum na zaune a benci, zafi na dukan kwanon shagon, ƙarar injin maƙwabcinsa mai facin taya na shiga mata har cikin haƙori. Sau biyu gyangyaɗi na fizgar ta.

Da ya gama ya kashe ya kunna. Kafin ta gyara zama kwamfutar ta tashi tsaf. Ya buɗe wannan, ya buɗe wancan, ya saki bidiyo, ya bar ta tana aiki har aka kira la'asar, ko gezau ba ta yi ba.

"Ga ta nan, ta koma budurwa. Tukuicina miyar kuka da man shanu, ba irin ta ranar nan da kika tsula wa ruwa ba."

"Allah Ya shirye ka," in ji ta. Amma a ranar, karon farko cikin wata guda, ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta.

A gida ta ɗora ta bisa matashin, ta buɗe darasi. Da farko kamar an yi ruwa an ɗauke. Ta karanta shafi, ta amsa tambayoyin gwaji, har Inna ta ce, "Kin gani ko? Autana ba dai hannu ba." Can sai wani ɗan kuka ya fara tashi daga cikin kwamfutar, siriri kamar na sauro, yana ƙaruwa. Ta danna, shiru. Ta sake dannawa, 'yar da'irar ta dawo tana juyawa. Kafin magariba fuskar ta yi baƙi.

Ranar Laraba ta sake sauka a tasha. Musaddiq ya ɗora ta a teburinsa, ya kunna, ta tashi garau. Ya sake bincike, babu ko bairos ɗaya. Ya bar ta tana aiki, yana gyaran wayoyin mutane yana waiwayen ta, ita kuwa sai gudu take kamar ba ita ba.

"Matata, anya ba so kike ki riƙa ganina kullum ba? Ki faɗa mini gaskiya, ba sai kin wahalar da baiwar Allah ba."

"Wallahi Musaddiq jiya mutuwa ta yi a gabana."

"To a nan dai ga ta da ranta."

Ta ɗauka ta koma. A gida ta yi aiki na ɗan lokaci, ta fara kukan nan, ta sandare, ta mutu.

Zuwa Alhamis magana ta fita unguwa. Hajiya Siddiƙa ta shigo har ɗaki ta ce ita tun farko ta san baki ne, mace na karatun digiri ai dole a sa mata ido. Wata ta ce a kira Malam Munzali ya mayar da maganinsa, tun da aka cire shi ne abin ya ƙi. Inna ta bari sai da suka fita. Ta sauko daga gado da ƙyar, ta yi addu'o'inta ta tofa wa kwamfutar, sannan ta ce yawon da ake yi da ita a rana ne ya sa iska ta buge ta. Ta ɗauko wani tsohon mayafinta mai kauri ta naɗe gefe da gefenta, ta danna ta sosai cikin matashin don ta ji daɗin zama. A ranar ko rabin abin da ta saba yi ba ta yi ba ta mutu.

Ummukulsum ta fita tsakar gida ta zauna a kan turmi. Wanki na jiƙe tun jiya, littattafan yara na jiran maki a cikin jaka. Ta dubi hannuwanta, farin alli ya shiga duk tsagar fatar. Ta tambayi kanta wa ya aike ta. Da ta zauna a matakinta har ritaya, wa zai kama ta?

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Musaddiq ya zo gaida mahaifiyarsa, da filash ɗinsa a aljihu. Ya ce tunda abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, zai kwashe komai ya wanke kwamfutar tas ya sake zuba mata sabuwar manhaja. Shi bai taɓa ganin ta a kunne a gida ba. Duk zuwansa a lulluɓe yake tarar da ita bisa akwati. Yau kuwa ya shigo ya same ta a gindin taga, a nutse cikin karammiski, naɗe da mayafi, tana kukan nan nata. Ya durƙusa ya gaida Inna, idonsa na kan matashin. Ya sa hannu ya ɗaga kwamfutar, sai ya saki ƙara ya yarfe yatsu.

"Kai, lafiya?" in ji Inna.

"Lafiya lau, Inna. Malama, zo ki ba ni ruwa a randa."

A bakin randa ya rage murya. "Kullum a kan matashin nan kike aiki da ita?"

"Kullum. Kai ma ka san dokar Inna."

"Na san ana ajiye ta a kai, ban san a kai ake kunna ta ba! Ke, abin nan ta ƙasa take numfashi. Akwai 'yan ƙofofi a cikinta da wata 'yar fanka da ke fitar da zafi. Kun toshe mata hanci da audugar rimi, a bazarar Daura, kun ƙara mata da mayafi. In zafi ya yi mata yawa sai ta rage gudu don kada ta ƙone, in ya ƙi sai ta kashe kanta. Bairos ɗin da na cire gaskiya ne, suna nan, amma ba su ke kashe ta ba. Ni ma da na tambaye ki tun ranar Talata da ban sa ki zarya ba."

Ummukulsum ta jingina da bango. Ba ta ji daɗi ba, ba ta ji haushi ba, gajiya kawai ta ji ta ƙaru.

"To yanzu fa?"

"A ɗora ta a kan abu mai tauri. Tebur, katako, ko daɓen ƙasa ma. Shi ke nan."

"Shi ke nan a bakinka. Je ka gaya mata."

"Ko ki zo shago gobe ki yi jarrabawar a can."

"Da injin maƙwabcinka da masu shigowa karɓar waya? Kyamara a kunne ake yi. In masu sa ido suka ji muryar wani ko suka ga gilmawar mutum, sun soke."

Ya sosa ƙeya, ya koma ɗaki. Tana jin su daga waje.

"Inna, matashin nan ne ke hana kwamfutar aiki. A bari a ɗora ta a tebur."

"Teburin da jikokina ke zubar da miya a kai? Karatun ubanka?"

"To a share shi, a wanke."

"In an wanke ya daina zama tebur?"

"Inna, ai ba takarda ba ce. Murya ce kawai a ciki, kamar rediyo."

"Rediyo wucewa karatu yake yi ta cikinta. Wannan a ciki yake kwana, kai da bakinka ka gaya mini. Ko ƙarya ka yi?"

"To bari in kwashe karatun in mayar miki a memori, in goge na ciki. Kin ga sai ta zama kwamfuta kamar kowace."

Sannan Inna ta ce, a hankali, "In an wanke allo, mun san inda ake zuba ruwan. In ka goge wannan, ina yake zuwa?"

Musaddiq ya miƙe tsaye. Ya ce zai yi tunani. Inna ta ce ya yi tunaninsa a shago, kuma ya gaishe da iyalinsa. Ya fito yana share gumi, ya dubi Ummukulsum ya ɗaga kafaɗa. "Ni auta ne, har gobe yaro take ganina. Kira mijinki."

Ta kira Abbas. Yana Mashi wajen cinikin shanu, kukan dabbobi na tashi a bayansa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Maman Hadiyya, ni ɗan fari ne. Matar da ko sunana ba ta faɗa, ni zan tsaya gabanta in ce ta yi kuskure a kan karatun Malam? Ki lallaɓa dai. Allah Ya ba da sa'a."

Ta kashe wayar. Kowa ya zame, ya rage daga ita sai tsohuwa.

Shekara ashirin da wani abu tana gidan nan, kalmar a'a ba ta taɓa shiga tsakaninta da Inna ba. Inna ce ta goya mata yara tana makaranta. Inna ce ta ce wa Abbas ya bar ta ta yi karatun nan lokacin da yake jan ƙafa. Ko sunanta Inna ba ta kira gatsau, sai dai ta ce Malama. Irin wannan surukar ce za ta dubi idonta ta ce mata girmamawarki ce ke kashe ni? Tana iya jira sai gobe, in an fara jarrabawa, ta zare matashin kawai ta ajiye abin a ƙasa. Tsohuwar ba za ta ce komai ba, ta san wannan. Amma za ta gani. Kuma za su ci gaba da zama a gida ɗaya.

Bayan la'asar ta shiga ɗakin. Ta zauna a tabarma, ta kunna kwamfutar a inda take, a kan matashinta da mayafinta. Ba ta buɗe darasi ba. Ta nemo tafsirin Malam ta saki, ta buɗe wasu abubuwan a bayansa don aiki ya yi wa kwamfutar yawa. Muryar marigayin ta cika ɗakin, mai kauri, ba gaggawa, yana jan aya yana fassarawa. Inna ta ajiye carbi ta lumshe ido. Suka zauna haka, rana na sauka a jikin taga.

Kukan sauron nan ya fara. Ya ƙaru. Can muryar Malam ta fara sarƙewa, ya kama kalma ɗaya yana maimaitawa, ya tsaya, ya fizga, ya sake tsayawa.

Inna ta buɗe ido. "Kwanan nan haka yake yi. Malam kuwa bai taɓa in'ina ba a rayuwarsa."

Ummukulsum ta ɗauki kwamfutar da matashin gaba ɗaya, ta matsa gaban gado a kan gwiwoyinta. Kanta a sunkuye. Ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta kama hannun surukarta.

"Inna, ki gafarce ni. Taɓa nan."

Ta cusa hannun tsohuwar tsakanin karammiskin da cikin kwamfutar. Inna ta zabura ta janye, ta dubi tafinta. Ta sake mayarwa da kanta, a hankali, ta bar shi ya ɗan jima, kamar yadda take taɓa goshin jikokinta.

"Wannan ai zazzaɓi ne."

"Ta nan take shan iska, Inna. In ta nutse a matashi ba ta samu."

Daidai nan fuskar ta yi baƙi, muryar Malam ta yanke a tsakiyar aya. Inna ta ƙarasa ayar a ƙasan maƙoshinta. Ta daɗe tana kallon matashin da ta ɗinka. Ummukulsum na durƙushe, tana jiran ko faɗa ko izini.

"Je ki duba tukunyarki," in ji Inna. "Ina jin ƙauri."

Babu abin da ke kan wuta. Ta tashi ta fita.

Asabar da safe ta yi shara, ta sallami yara gidan Hajiya Siddiƙa don kada a ji motsinsu, ta yi wanka ta sa hijabin da za ta zauna gaban kyamara da shi. Har ta ɗaga labulen ɗakin Inna ba ta san abin da za ta yi ba.

Matashin na nan a gindin taga, a inda yake kullum. Amma an cire mayafin. A kan matashin kuma an ɗora wani faffaɗan tire na ƙarfe mai zanen Ka'aba a tsakiya, wanda Inna ta zo da shi daga aikin hajji ta kulle a ƙasan akwati. Ko ƙwayar dabino ba a taɓa ɗorawa a kansa ba. An goge shi yana ƙyalli. Kwamfutar na zaune a bisansa a kan 'yan ƙafafunta, ana hango haske ta ƙarƙashinta.

Inna ba ta dube ta ba. Tana gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Wannan ya yi tauri, ko a nemo wani?"

"Ya yi, Inna."

"To zauna. An ce ba a son motsi ko? Ni ba ni nan."

Ta sauko daga gado ta zauna a ƙasa, can bayan kwamfutar inda kyamara ba ta kaiwa, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo.

Aka buɗe jarrabawa. Tambayar farko mai sauƙi ce, ta biyu ma haka. Ta huɗu ta tsaya mata a wuya, ta tsallake. Zafi ya fara shigowa ta taga, gumi na bin bayanta. Kunnenta ɗaya na kan tambayoyi, ɗaya na jiran kukan sauron nan. Da ta iso wajen da abin ya mutu watan jiya sai ta karanta tambaya ɗaya sau uku ba ta fahimta ba. Ta danna na gaba tana rufe ido. Shafin ya buɗe nan take.

Sai a lokacin ta lura da wani sauti, fat, fat, fat, a hankali, ba ya tsayawa. Ba ta isa ta juya kai ba saboda kyamara. Ta saci kallo ta wutsiyar ido. Inna ce riƙe da mafici na kaba, ta sunkuyo, tana yi wa ƙarƙashin kwamfutar fifita. In hannun dama ya gaji ta mayar hagu. Leɓɓanta na motsi, babu sauti.

Ummukulsum ta koma kan tambaya ta huɗu. Ba ta san amsar ba har yanzu. Ta zaɓi wadda ta fi kama da gaskiya. Akwai wasu biyu irinta a gaba, su ma ta yi musu haka. Rana ta take tsaka, inuwar taga ta janye daga tabarma, maficin bai tsaya ba. Da ta kai ƙarshe ta duba sau ɗaya, ta yi bisimilla ta tura. 'Yar da'irar ta fito ta juya sau ɗaya, sau biyu. Sai rubutu ya bayyana cewa an karɓa.

Ta kashe kyamarar. Ta sauke hannuwanta a cinya.

"An gama?" in ji Inna da raɗa.

"An gama, Inna."

"Kin ci?"

"Sai sakamako ya fito. Wasu sun yi mini wuya."

"To. Wanda ya yi nasa ai ya gama." Tsohuwar ta sa bayan hannu ta taɓa cikin kwamfutar, ta ɗan jinjina kai. "Da ɗumi dai. Amma ba irin na jiya ba."

Ummukulsum ta so ta tashi. Akwai wanki, akwai yaran da za a ɗauko, ko abincin rana ba a ɗora ba. Ta ce bari ta ɗan jingina da bango tukuna, ƙafarta ta saki. Ta jingina. Kafin Inna ta gama lalubo carbinta, kan Malama ya langaɓe a kafaɗa, bakinta a ɗan buɗe, numfashi na fita a hankali.

Inna ta dube ta. Ta murza wuyan hannunta da ya ƙage, ta ja jiki ta matso kaɗan, ta juyo da maficin wajenta.